Shi Ɗin Turawa Mace Ce

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali gero na tsaka da fitar da kai, rumbunmu ya koma ɗakin kwanan kaji. Samarin ƙauyenmu, nan kusa da Makoɗa, duk sun watse cin rani. Ni ma Baba ya riga ya yanke: in kaka ta wuce ban sami abin yi ba, sai birni, dako a kasuwa. Ni kuwa Allah ya sani, na tsani dako kamar ciwon haƙori.

Ana cikin haka aka kawo wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kudu ƙaramin asibitin gundumarmu, ko "zo" ba ta ji da Hausa. Aka ce ana neman tafinta mutum ɗaya, ga albashi, ga masara duk mako. Mu biyu muka nema daga gidanmu: ni Sama'ilu, da yayata Rahmatu, wadda ta dawo gida da goyo bayan rasuwar mijinta.

Kwana bakwai gidanmu ya zama makaranta. Rahmatu na daka tana rerawa da bugun taɓarya: I can, you can, we can. Ni ina amsawa daga bakin rijiya: I must, you must, they must. Inna ta ce ko kwaɗin damina sun fi mu daɗin saurare.

A wurin gwaji matar ta riƙa magana muna juyawa da Hausa, wani malamin firamare na saurare. Na san na yi tuntuɓe. Ta ce, "You must boil the water," ni kuma na zuba cewa kana iya tafasa ruwa in ka ga dama. Na mayar da dole ganin dama. Duk da haka na fito ina baza kafaɗa, don a raina wa zai bar namiji ya ɗauki mai goyo?

Ranar Juma'a muna gona muna tsince ɗan waken da ya tsira, Baba ya hau keke ya tafi jin sakamako. Baba na da Turancinsa na rediyo, kalma goma sha wani abu, kuma ya fi ƙarfin a yi masa fassara.

Mun dawo gida ke nan, tun daga kan burtali muka jiyo ƙararrawar kekensa, ƙirrr, ƙirrr, babu tsayawa. Ya shigo gida hula a karkace, yana cewa Sama'ilu ne, Sama'ilu aka ɗauka. Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika tsakar gida. Inna ta sa aka kama zakaran da take ɓoyo saboda Sallah. Rahmatu ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa har ɗanta ya farka. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na fara tunanin rigar da zan saka ranar Litinin.

Daɗi ne ya ja ni na ce Baba ya maimaita mana maganar matar, kowa ya ji.

Ya gyara murya. "Da bakinta ta ce, 'Shi kan sitat Mande.' Shi. Ka ji ko? Ba ta ce ita ba."

"Daga nan fa, Baba?"

"Sai ta ɗan yi dariya, hi, ta ce wani abu mos tirai egen. Wannan ban kama ba."

Nan take na gane abin da matar ta ce. She can start Monday. He must try again. Hi ɗin nan ba dariya matar ta yi ba, he ta ce, ni take nufi. Na dubi taron nan, babu wanda ya gane. Na dubi Rahmatu, tana durƙushe tana figar zakara, kanta a sunkuye. Hannunta ya tsaya cak, sannan ya ci gaba. Ta ji, kuma ba ta da niyyar cewa uffan.

Ba zan ɓoye ba, na so in yi shiru. Na ce a raina in na je Litinin da takalmi a goge, wataƙila matar ta haƙura da ni. Na kai minti biyar ina wannan lissafin banza, ina jin kunyar kaina.

"Baba," na ce, "shi ɗin Turawa mace ce. Rahmatu aka ɗauka."

Baba ya tambaya sau biyu, na rantse masa. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce wane irin yare ne wannan da zai dubi mace da goyo ya kira ta shi. Aka kwashe da dariya, guɗa ta sake tashi, wannan karon daga bakin Inna. Mata suka yi wa Rahmatu caa, wannan ta ja hannu, wannan ta karɓe goyo. Ita kuwa kuka take tana dariya, gashin zakara duk a zanenta. Da ta sami sarari ta harare ni ta ce in na ƙara tona mata asiri a gaban mutane sai ta fasa min kai da taɓarya.

Ranar Litinin da hantsi na goya ta a keken Baba har ƙofar asibiti. Ta shiga, ban jira ba. Na bar keken a wurin mai faci, na saɓa ƙunshin kayana, na tsallaka titi na shiga motar Kano.