Inuwar Siton Duane

Marlys Halvorson na kan hanyar fitar da shara ta lura inuwa ta taɓa tumatirinta na ƙarshe, wanda ke can kusurwar shinge. Ba wata inuwar kirki ba ce, 'yan ganyaye kawai ta rufe. Amma ta ajiye ledar sharar ta tsaya tana kallo kamar an zage ta.

Inuwar ta sabon siton Duane Pribyl ce, maƙwabcinta, wanda tun da ya yi ritaya daga tuƙin motar share ƙanƙara hannunsa bai rabu da guduma ba. Siton na katako ne, ya gina shi a kusurwar bayan gidansa don ajiye kayan kamun kifi, manne da shingenta, a ƙarƙashin wayoyin lantarki. Ita kuwa Marlys shekara da shekaru tana kai tumatirinta gasar amfanin gona ta gunduma tana dawowa da na biyu. Bana ne kawai suka yi jajir, suka cika hannu, har ta fara tunanin inda za ta rataya shuɗin ƙyallen da ake ba na ɗaya.

Duane ya leƙo ta saman shinge, da ƙusa a baki. Ya tambaye ta yadda ta ga aikin. Ta yi murmushi ta ce ai ya yi kyau ƙwarai, ba ta taɓa ganin irinsa ba. A layinsu haka ake yi. Mutum na iya jin haushinka har ya mutu, amma kullum zai ɗaga maka hannu, ya kuma share maka ƙanƙarar ƙofar gida in ka yi tafiya.

Tana shiga gida ta buga wa ofishin kula da gine-gine na gari waya. Ta ce ita ba ƙara take kawowa ba, tambaya ce kawai: wai an yarda mutum ya yi gini dab da iyaka haka? Ta tabbatar ba za a faɗi sunanta ba. Da ta ajiye wayar sai ta ɗauko tuffa ta hau fere, za ta gasa wa Duane kek.

Jami'ar da aka turo ta zo ranar Juma'a, ta auna, ta ɗaga kai ta dubi wayoyin, ta girgiza kai. Marlys na kallo ta bayan labule. Da yamma Duane ya sanar da ita, ransa a sake, cewa an ce lallai ya matsar da siton. Sa'ar da ya yi bai kafa shi a siminti ba, a kan wasu gumaguman katako yake zaune, don haka za a iya mirgina shi kan bututun ƙarfe. Ya gayyaci mazan layi gobe da safe. Ta ce kai, mutane ba su da kirki, wa zai yi masa haka?

Washegari ta sake gasa wani kek ɗin tuffar, don na farko ta cinye shi da kanta, ta ɗauka ta zagaya gidan Duane. Ta tarar maza sun ɗaga siton sun jera bututu a ƙasa, suna turawa suna nishi, kowa na ba da umarni ba mai ji. Ta tsaya da tire a hannu tana jiran ta ga sun nufi can tsakiyar fili da shi.

Ba can suka nufa ba. Sun ɗan janye shi daga shingen, sannan suka bi tsawon shingen da shi, a hankali, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, har ya tsaya daidai saitin lambunta ta ɓangaren kudu.

"Nan za ka bar shi?" Marlys ta tambayi Duane.

"Nan ɗin dai, maƙwabciya. Baya akwai wayoyi, tsakiya akwai ramin bahaya a binne, can kuma ya yi kusa da gida. Yarinyar nan ta ofis ta auna ko'ina, nan kaɗai doka ta yarda." Ya goge zufa da hularsa. "Ni fa na sani tun farko kusurwar can ba daidai ba ce. Na cusa shi ne don kada in tare wa tumatirinki rana. To ga shi wani ɗan albarka ya fi ni son doka."

Marlys ta leƙa ta saman shinge. Rana ba ta ma kai tsaka ba, amma inuwar ta kwanta kan layin tumatirin tun daga farko har kusan ƙarshe. Guda ɗaya ne ya tsira, na kusurwar nan.

Mazan suka taru kan kek ɗin, suna ci suna canke-canken wanda ya kai ƙarar. Wani ya ce tsohon nan ne na ƙarshen layi, wani ya ce sababbin da suka tare ne. Duane ya matso kusa da tiren. Ya yanki babban yanki, ya tauna a nitse, ya lumshe ido.

"Marlys, hannunki na nan yadda yake. Kin san rabon da ki kawo mini wannan kek ɗin?" Ya lashe yatsa. "Tun ranar da wani ya yi baya da mota ya karya mini akwatin wasiƙu. Shi ma har yau ba a gano ko wane ne ba."

Ta tuna ƙarar da akwatin ya yi a bayan motarta. Ta ce ai tuffa ce ta yi mata yawa.

"Na sani, na sani." Ya juya ya nuna kusurwar da siton ya tashi, ƙasa baƙa wuluk, rana na dukanta. "Dubi wajen nan don Allah. Asara ce a bar shi haka. Ina ganin baɗi tumatir zan shuka, in gwada sa'ata a gasar nan taku. Za ki ba ni iri, ko?"

Mazan suka ce shawara ce mai kyau. Marlys ta dubi kusurwar, ta dubi Duane, wanda ya miƙo hannu zai ƙara yanki na biyu. Ta janye tiren, ta ja ƙyalle ta rufe sauran kek ɗin, ta bi ta ƙaramar ƙofar shinge da abinta, ta mayar da sakata a hankali.