Sanata Ba Ya Laifi

Shekara biyu a jere rabin shanun Verlyn Kocourek suna fitowa fayau ba ciki, kuma shekara biyu a jere Verlyn ya san masu laifin: shanun. Baƙin bijiminsa, wanda ya raɗa wa suna Sanata, ba ya cikin waɗanda ake tuhuma.

A farkon bazara ya yanke hukunci a kan teburin karin kumallo, bakinsa cike da soyayyen ƙwai: duk saniyar da ba ta ɗauka ba zuwa kaka, sai motar mayanka. Matarsa Ardith ta ajiye cokalinta. Cikin waɗanda hukuncin zai hau har da Kirfa, jar saniyar da Ardith ta shayar da kwalba tana maraƙa a gindin murhu bayan uwarta ta mutu cikin ƙanƙara. Ta ce a fara gwada bijimin mana, ai kowa a yankinsu na Sandhills yana gwada nasa kafin ya sake shi cikin garke. Verlyn ya dube ta kamar ta zagi kakansa. Wai ta kalli wuyan nan, ta kalli ƙirjin nan, sannan ta sake magana.

Ana cikin haka wata malamar jami'a ta zo zauren taron gunduma da lacca a kan melatonin, sinadarin da jiki ke yi idan duhu ya shiga. Ta ce ana ganin yana kare 'yan jakunkunan da ƙwan saniya ke girma a ciki daga wahalar zafi, amma bincike bai kammala ba, kuma ba shi ne maganin kowace matsala ba. Ardith ta ji duka. Verlyn, da ya sha gyangyaɗinsa har hula ta zame, abu ɗaya ya tsinta: gyaran a jikin mata yake. Shi ya fara miƙa hannu da aka nemi masu ba da garke don gwaji.

Aka dasa wa kowace saniya 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fatar kunne. Daga ranar Verlyn ya zama farfesa. A shagon kofi yakan jera ƙullin sukari a kan tebur yana nuna wa tsofaffi yadda jakar ƙwai ke kumbura, mutumin da ko takardar maganin tsutsa bai taɓa karantawa ba.

"To, Farfesa," in ji maƙwabcinsa Orval Tietjen, "ba shi jikokina ke sha su yi barci ba? In matan suka ɓingire, wa zai tashe su, kai ko Sanata?"

Verlyn ya ce jahilci dai ba shi da magani, ya tattara sukarinsa.

Ranar duba ciki ta zo da iska mai sanyi. Likita Oberg, likitar dabbobi, ta zura hannu har kafaɗa da na'urar hoto, saniya bayan saniya, tana faɗin sakamako ba tare da ta ɗago ba. Babu. Babu. Bana ma ko rabin ba a samu ba. Da aka zo kan Kirfa, Ardith ta matso jikin kejin ƙarfen da ake tsayar da shanun, aka ce babu. Likitar ta ƙara da cewa abin mamaki, gidan ƙwan shanun nan lafiya lau yake, ta daɗe ba ta ga masu kyansa ba. A shirye suke tsaf, abin da suke jira ne bai zo ba.

Ardith ba ta nemi izinin kowa ba. Ta buɗe ƙyauren baya, ta koro Sanata da sandar roba har cikin kejin, yana tafe yana yanga. Verlyn na ta faɗa, likita na ta aikinta. Ta shafa marainan bijimin, ta ce ga tabon daskarewar sanyi nan, tsoho ne ma. Ta ɗiga maniyyinsa a gilashi, ta ɗora madubin ƙara girma a bayan akori-kura, ta ce Mista Kocourek ya zo ya gani da idonsa. Babu abin da ke motsi.

"Amma ai rabinsu sun haihu bara!" in ji Verlyn.

"Maruƙan masu farar fuska?" in ji likita. "Bijimin Orval ne mai farar fuska. Bana ya gyara shingensa."

Da wani ne, da ya ji kunya. Verlyn ya gyara hula, ya ce gajiya ce kawai, bijimi irin wannan hutu yake so, in akwai ragowar ƙwayar nan a dasa masa a kunne. Su kuwa shanun magana ya riga ya yi, kuma ba ya mayar da magana. Ya ciro waya zai kira mai mota.

Haushin da ya taso wa Ardith ya girmi Kirfa nesa ba kusa ba.

"Verlyn, ajiye wayar nan," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Babu asibitin da ban kwanta ba wajen neman haihuwa, daga nan har birnin Omaha. An soke ni, an leƙa ni, an ɗura mini magunguna, kowane likita ya ce lafiyata ƙalau, a turo maigidan. Kai kana mota kana jin farashin masara a rediyo. Na yi shiru mun tsufa mu biyu a gidan nan. Wannan karon ba mace za a ɗora wa ba."

Likita Oberg ta duƙufa wanke safar hannun da yarwa za ta yi. Verlyn ya tsaya da waya a hannu, iska na kaɗa masa gefen riga. Ardith ta karɓi wayar ta kira mai motar da kanta, ta ce ya zo da ƙaramar tirela, kai ɗaya ne za a ɗauka: Sanata.