Taikin Iri a Ramin Barmo

Tururuwa na ta kwashe ƙwansu zuwa kan tudu. Manzo ya gan su lokacin da ake naɗa masa zare a hannun dama. Ruwa na tafe ke nan, yau ko gobe, irin geronsa kuwa na rataye a kan wani gungume a bakin rami.

Kwana tara ke nan da mutanen Barmo, wani attajirin raƙuma, suka sauka a Falanko, garin su Manzo. Sun ji labarin dambensa na lokacin kaka. Ba su taɓa shi ba, ba su taɓa matarsa ba. Rumbu suka fasa, suka ɗora taikin iri a kan raƙumi, suka ce ya biyo su Tanout in yana son abinsa. Haka Barmo yake samun 'yan dambe. A wannan tsohon ramin ƙasa da ke bayan zango yake haɗa su, nesa da idon maigari, madugai su zauna a sama suna caca da gishiri da gashin jimina. Wasa uku, in ka ci ka ɗauki taikinka. In ka faɗi, raƙuman Barmo su ci.

Manzo ya ci biyu. Na uku shi ne Gajere, wani manomi daga Ollelewa, wanda taikinsa ke rataye kusa da na Manzo. Matar Gajere, Hajjo, ta biyo shi da ƙafa. Kullum tana tsugune a bakin ramin da sungumi a hannu, don su wuce gona da zarar an sallame su.

Aka tsoma hannayensu a ƙaro, aka barbaɗa tsakuwa. A garin su Manzo wanda ya yi haka korarsa ake yi daga fage.

Suka zagaya juna. Gajere ya kawo duka, Manzo ya goce, ya same shi a haƙarƙari. Gwiwar Gajere ta taɓa ƙasa. Manzo ya ja da baya, ya ɗaga hannu, kamar yadda ya saba tun yana saurayi.

Madugai suka bushe da dariya.

"Kai baƙauye!" in ji Barmo. "Wa ya ce ka tsaya?"

"Ranka ya daɗe, ai ya taɓa ƙasa. Wasa ya ƙare."

"A dandalin garinku. Nan sai mutum ya kasa tashi. Sauran biyun ai suma suka yi, shi ya sa ba ka sani ba." Ya juya ga wani baransa. "Mato, sauko da taikin nan biyu, raƙuma na jin yunwa."

Manzo ya ce, "Don Allah, ranka ya daɗe, 'ya'yana huɗu."

"To ga abokin karawarka nan a gabanka," in ji Barmo.

Iska ta taso da ƙanshin ruwa. Gajere na durƙushe, yana numfashi da ƙyar. Ya ɗago kai.

"Buga, ɗan'uwa," ya ce a hankali. "In ka tsaya, gona biyu za su kwana ba shuka."

Manzo bai taɓa dukan wanda ke ƙasa ba. Ya dubi taikin, ya dubi Mato da ya riga ya kama igiyar. Ya rufe ido ya buga.

Gajere bai tashi ba. Aka ja shi gefe ta ƙafa, babu wanda ya duba ko yana numfashi.

Barmo ya jefo wa Manzo taikinsa. "Je ka shuka. Bayan girbi muna tafe, mun san rumbun."

Yayyafi ya fara sauka. Manzo ya hau tudu, ya durƙusa, yana ƙoƙarin kwance bakin taikin da haƙori, don hannun ya kumbura cikin zare. Ya zuba rabi a rigarsa.

"Baiwar Allah," ya ce, "zo ki karɓa."

Hajjo ta dubi geron, ta dubi jinin da ke ɗiga a kansa daga hannun Manzo. Ta jingine sungumin a jikin gungume, ta gyara zanenta, ta gangara wajen da aka yar da mijinta.