Ranar da Bebiya ta Ƙetare Ruwa

Asabe ce ta raɗa wa motar suna Bebiya, kuma sunan ya bi ta. Ranar da ƙaninta Inuwa ya fara shigowa da ita ƙauyensu da ke bayan Guri, Asabe na tsugune a ƙofar gida tana shanya kifi, ba ta ankara ba sai ganin hancin mota ta yi dab da kafaɗarta. Ta zabura, kwando ya kife, ta dafe ƙirji.

"Kai, Inuwa! Wannan wace irin mota ce ba ta sallama? Sai ka ce ɓarawon awaki!"

Inuwa ya fito yana ƙyaƙyata dariya. "Yaya, haibirid ce. Rabi fetur, rabi lantarki. In ana tafiya a hankali batir ne ke jan ta, inji yana hutawa."

"To Allah ya sa alheri. Amma ka ɗaura mata ƙararrawa, kada ka kashe mini kaji."

Alherin kuwa an gan shi, ba a musu. Tun da fetur ya yi tashin da ya yi, rabin direbobin tashar Haɗeja sun jingine motocinsu, wasu sun koma gona, wasu sai zaman benci da gardamar ƙwallo. Inuwa ya sayar da tsohuwar akwalarsa, ya je Kano ya sayo wannan 'yar Kwatano. Man da wata motar za ta shanye kafin Kirikasamma, ita da shi za ta je Guri ta dawo. Ita kaɗai ta rage mai shiga ƙauyukan fadama kullum, ta ɗauki masu bandar kifi, ta ɗauki masu zuwa awon ciki. In ya tsaya jiran fasinja sanyi na busawa a ciki, inji a kashe. Tsofaffi har shiga suke su zauna ba don za su ko'ina ba.

Garba makanike ne kaɗai bai yi murna ba. Ya ɗaga bonet, ya ga wasu manyan wayoyi masu ruwan lemo, ya ja da baya ya goge hannu a wando. Ya ce shi dai juyen baƙin mai da gyaran burki zai iya, amma waɗancan wayoyin ko da wasa ba zai taɓa ba, yana da iyali. Dillalin Kano ya gaya wa Inuwa cewa babban batirin yana ƙarƙashin kujerar baya. Inuwa bai taɓa ganinsa da ido ba. Ya ɗauka a rufe yake ruf kamar gwangwanin madara. Akwai wata 'yar raga a gindin kujerar, shi a zatonsa lasifikar rediyo ce da ta mutu.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya fasa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya rasa inda zai bi sai gonaki. Duk wani abu mai rai ya gudo tudu, har da wanda ba a gayyata ba. Da maraice Asabe ta sa hannu cikin tarin itace za ta hura wuta, igiyar ƙasa ta sare ta a tsintsiyar hannu. Kububuwa ce, mijinta Kolo ya kashe ta da taɓarya. Aka yi tsaga, aka shafa magani, aka jiƙa wani aka ba ta ta sha, aka ce zuwa safe kumburin zai sauka.

Bai sauka ba. Da gari ya waye hannun ya kumbura har kafaɗa, wurin tsagar ya ƙi daina zubar da jini, in ta tofar da yawu ja ne. Ma'aikacin ɗan asibitin da ke kusa ya duba dasashinta, ya girgiza kai. Ya ce ba shi da allurar dafi, a Haɗeja kaɗai za a samu, kuma kada a bari rana ta yi tsaka.

Asabe ba yaya ce kawai ba a wurin Inuwa. Yana shan nono uwarsu ta rasu, ita ta goye shi, ita ta yaye shi da kunun kanwa, ita ta riƙa dukan duk yaron da ya taɓa shi. Da ya ga jinin nan a bakinta bai tsaya wata-wata ba. Ya kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Kolo, ya ja mota. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Bi a hankali," in ji Asabe. "Ba ni da niyyar mutuwa a motar da ba ta iya kuka ba."

"Yaya, don Allah ki daina irin wannan magana."

Kafin Kirikasamma suka tarar da abin da ake gudu. Ruwa ya haye kwalta ya shafe ta, sai tsinin ciyawa da kan turakun gefen hanya. Can ƙetare ana hango kwaltar ta sake fitowa, fayau, babu mota ko ɗaya. Wa zai ƙona mai ya zo ya tsaya a bakin ruwa jiran fasinjan da ba tabbas?

Amma mutanen wurin sun saba, duk shekara haka suke. Akwai kwalekwale na ɗaukar mutane da kaya, akwai kuma masu turi, ƙarti majiya ƙarfi da ke tura mota ta ƙetare. Babbansu Adamu, baƙin mutum mai faɗin ƙirji, tun yana saurayi yake wannan aiki. Tsarinsu ɗaya ne ba ya canjawa. A kashe inji, a cusa tsumma a salansa, a ɗaure bakin da inji ke shaƙar iska da leda da roba, a sa giya a firi, a tura. Ruwa zai shiga ta ƙofofi ya jiƙa kujeru, to sai me? A ƙetare a buɗe ƙofa ya zube, a zare tsumma, a goge filogi, mota ta tashi. Inuwa da kansa ya ƙetara haka da tsohuwar motarsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Kolo masunci ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya dubi ruwan, ya dubi matarsa. "Inuwa, ko mu bar motar nan, mu haye da jirgi mu nemi mashin?"

"Ya Kolo, ina mashin ɗin? Ko an samu, za ta iya zama a kai har Haɗeja? Dube ta fa."

Kolo ya dube ta, ya haƙura. To, wa zai ga laifin Inuwa a nan? Duk wanda ke tsaye a bakin ruwan haka zai ce, kuma haka suka ce.

Aka ɗauki Asabe cak aka sa a kwalekwale, Kolo ya tallafe ta. Inuwa ya tsaya a kan motarsa ya yi komai da hannunsa. Ya ninka leda, ya ɗaure da robar tayar keke, ya ja ya ga ta kama. Har ɗan ƙaramin batirin da ke kunna fitilu sai da ya naɗe. Adamu ya duba ya ce, "Direba, ko jirgin Legas ne iyakar ɗaurin ke nan. Bismillah!"

Suka shiga. Inuwa na riƙe da sitiyari ta taga, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu. Masu turi na ba da murya suna amsawa. Ya leƙa ciki ya ga ruwa ya malale ƙasan motar, takalminsa na yawo a kai, ruwan na hawa a hankali har ya taɓa kujeru. Ya ga 'yar ragar nan ta gindin kujerar baya tana fitar da kumfa, ɓul-ɓul-ɓul, kamar tulun da aka nutsa a rijiya. Ko a jikinsa. Hankalinsa na kan kwalekwalen da ke gaba, da ɗankwalin yayarsa.

A ƙetare aka buɗe ƙofofi ruwa ya kwarara. Aka zare tsumma, aka kwance leda, ciki a bushe ƙayau, ko ɗigo bai shiga inji ba. Adamu ya daki bonet da alfahari. Aka shimfiɗa buhu a kujerar baya aka mayar da Asabe. Inuwa ya zauna, ya taka burki, ya danna maɓalli.

Fitilun gaban direba suka kama, ja da rawaya, birjik. Ɗan koren rubutun nan da ke nuna ta shirya tafiya, shi ne bai fito ba. Ya kashe, ya sake dannawa. Shiru. Ya yi bismillah ya sake. Wani wari ya taso daga baya, kamar an ƙona roba a jiƙe.

"Ba ta tashi ba ne, ko tashinta ke nan?" in ji wani daga cikin masu turi. Ba da izgili ya tambaya ba, da gaske bai sani ba.

Nan fa kowa ya zama makanike. Wani ya kwance filogi ya hura ya goge da riga, alhali a bushe suke. Wani ya ruga ya ciro batirin injin ban ruwa aka jona, a banza. Adamu ya ce a ba ta turi. Inuwa ya san mota marar kuloci ba ta tashi da turi, wallahi ya sani, amma ya ce a tura. Suka tura ta da gudu a kan kwalta har numfashinsu ya ƙare, suka juyo da ita suka sake, Asabe na ciki tana jijjiga tana nishi. Tsohuwar akwalarsa da ya raina, da tuni ta yi tari ta tofar da ruwa ta kama hanya.

Inuwa ya kira Garba a waya. Garba ya saurara, ya ce, "Ruwan ya kai kujerar baya?"

"Ya kai."

"Inna lillahi. To ni dai ban san kanta ba, Inuwa. Amma na ji 'yan Kano na cewa ta wajen kujerar nan batirin ke shan iska. In haka ne, a fito da mara lafiya daga ciki, kada kowa ya taɓa wurin. Bari in nemo mota in turo."

Neman mota a garin da rabin motocinsa ba mai, kuma a ce ta zo bakin ruwa! Wannan ya ce tankinsa a bushe, wancan ya ce sai ya gama lodi. Rana ta take tsaka ta fara karkata. An kwantar da Asabe a inuwar wata giginya, jini na bin gefen bakinta, Kolo na sharewa da hularsa. Inuwa ya kasa zuwa kusa, ya kasa nisa. Sai ya koma motar ya danna, ya dawo, ya sake komawa.

"Auta," ta kira shi, da sunan da ta daina kiransa da shi tun da ya yi aure. Ya durƙusa. "Bar wahalar da kanka. Tun safe ko ruwa ba ka sha ba."

"Yaya, ni na ce a tura ta. Ya Kolo ya ce a bar ta, ni na ƙi."

"To da a can ka bar ta, da nan ɗin ba a ƙasa muke ba? Rufe mini baki."

Gaskiya ta faɗa, amma ba ta rage masa komai ba. Kuka ya zo masa, ya juya baya ya yi abinsa.

Can sai ga wani mai mashin ya ɓullo daga wata rugar Fulani da jarkokin nono. Da ya ga halin da ake ciki bai tsaya ciniki ba, ya sauke jarkokin a gefen hanya. Mashin mutum uku zai ɗauka, ba ƙari: mai tuƙi, Asabe a tsakiya, Kolo a baya. Ba ta iya riƙe kanta, sai zamewa take. Inuwa ya karɓi mayafinta ya zagaye ta da Kolo, ƙirjinsa da bayanta, ya ƙulle a bayan Kolo ya ja da ƙarfi, ya ƙara wani ƙullin a kai don kada ya kwance a ramukan hanya.

"Ka matse ni," in ji ta.

"Haƙuri, Yaya. Yanzu za ku isa. Ina nan tafe."

Suka tafi. Ya bi su da ido har kwana ta ɓoye su. Masu turi suka koma bakin aikinsu, wata tsohuwar a-kori-kura ta zo daga wancan gefen, aka cusa mata tsumma aka turo ta, ta yi tari biyu ta tashi. Sai dai ƙauyen da ke nan kusa za ta, da buhunan taki, kuma man da ke cikinta iyakarsa ke nan. Inuwa ya tambaya, ya roƙa a kai shi Haɗeja, direban ya buɗe masa tanki ya nuna masa.

Inuwa ya yi sallar la'asar a bakin kwalta da tufafinsa a jiƙe. Yana sallamewa ya ji ƙarar mashin daga wajen Haɗeja. Ya miƙe. Shi ne, mashin ɗin ɗazu, kuma mutum uku ne a kai kamar yadda suka tafi. Sai dai a hankali yake tahowa, yana kauce wa kowane rami, kuma an ja ɗankwalinta an rufe mata fuska.

Mashin ya tsaya a gabansa. Mai tuƙin ya kashe, ya sunkuyar da kai. Masu turi suka fito daga ruwa ɗaya bayan ɗaya suna salati ƙasa-ƙasa, wani ya ɗaga hannu yana kiran mai kwalekwale.

"Ba mu kai ba," in ji Kolo. "Muna hango gari."

Ya kai hannu baya yana lalubar mayafin, ƙullin ya ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya saki hannunsa.

"Zo ka kwance mu, Inuwa. Na kasa."