Babu Komplen, Sa

"Ka bar mini wurin, na ce maka. Ni zan tsaya gabansa."

"Sunana aka rubuta."

"Sunanka aka rubuta. Bakinka fa, an rubuta shi?"

Saje Haggai bai ɗago kai ba. Ya hura garwashin cikin dutsen guga, ya ci gaba da goge tsohon kakinsa a kan tabarma, kakin da yanzu mutum biyu irinsa za su shige ciki har su rage wa baƙo wuri. Matarsa Leah tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Tun kafin rana ta fito suke abu ɗaya, har maƙwabta sun gaji da kasa kunne sun koma wankinsu.

"Magana da manya tana da tsari, Maman Gabriel," in ji shi. "Ba ihun kasuwa ba ne."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan sai ka kawo mini shi."

Nan ta taɓa inda ke ciwo.

Kwana huɗu ke nan. Ranar Litinin autansu Gabriel ya tafi yankan dawa a gonarsu ta bayan dutse, tafiyar awa guda a babur ta hanyar Dirin Daji. Ɓarayin daji suka fito wa masu girbi da hantsi. Muhammad Sani, wanda gonarsa ke iyaka da tasu, shi ya tsira, bayan ya kwanta cikin kwazazzabo har la'asar. Da ya fito ya tarar da Gabriel ba rai a gindin ɗorawa, ya ja karan dawa ya rufe shi, ya ɗora duwatsu uku, ya gudo. Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma babu wanda ya ga laifinsa.

Tun Talata matasan coci suka haƙa kabari. Yana nan a buɗe, an kifa masa kwanon rufi saboda awaki. Abin da ya rage a ɗauko gawa, gawa kuwa ba ta ɗaukuwa sai da rakiyar masu bindiga. Sau uku Saje yana zuwa ofishin masu tsaro, sau uku ana ba shi kujera da ruwan sanyi, a ce masa mota tana gyara, ko mai ya ƙare, ko ana jiran umarni daga sama. Shi kuma ya sara musu ya dawo gida.

To, yau Juma'a saman da kanta za ta sauko Zuru. Wani babba ne daga Abuja zai zo jaje. Ko minista ne, ko ƙanin minista, ko shugaban wani kwamiti, matan unguwa ba su tantance ba, sun dai ce zaɓe ya matso kuma hotonsa ya fi shi kyau.

Abin da Leah ke tsoro ta san shi, don shekara talatin da biyar ta yi tana bin mijin nan bariki-bariki. A bariki, in hafsa ya zo duba layi, yakan tsaya gaban kowane soja ya tambaye shi ko yana da koke. Amsa ɗaya ce, ko cikinka na murɗawa: "Babu komplen, sa." Wanda ya kuskura ya faɗi gaskiya, bayan hafsa ya tafi zai san cewa ya yi magana. Leah ta taɓa ganin ruwan sama yana zuba kan gadonsu, tana tare shi da kwanoni huɗu, hafsa ya leƙo ya tambaya, Haggai ya buga ƙafa ya ce babu komplen. Ko bara da likita ya tambaye shi inda ke masa ciwo, sai da ta taka masa ƙafa sannan ya tuna da gwiwarsa.

Suna cikin haka Maimuna ta yi sallama. Ita ce shugabar matan jam'iyya ta mazaɓa, mace mai waya biyu da muryar mutum goma. Ta durƙusa ta gaida su, ta yi musu gaisuwar rashi da hawayenta na gaske, don Gabriel ne ke yi mata huɗa duk damina. Sannan ta goge ido ta zaro takarda.

"Baba Soja, mutum ɗaya aka ba masu rashi, kuma kai ne. Ka sa lambobin nan naka duka, masu hoto na son su. In ya iso gabanka, godiya tukuna."

"Ɗiyata," Leah ta ce, "ki sa sunana a madadinsa."

"Mama, mi zan ce musu? Takarda ta riga ta tahi. Kuma an ce ban da kuka, mai girma ba ya son kuka, hawan jini gare shi."

"Allah ya ba shi lafiya."

"Amin, Mama," in ji Maimuna, ba ta ji ƙayar da ke ciki ba.

Da ta fita, Leah ta zauna gaban mijinta kamar mai koya wa yaro karatu.

"Faɗi in ji."

"Ranka ya daɗe, gawar ɗana tana daji kwana huɗu. Ina roƙon mota biyu, awa uku."

"Sake."

Ya sake. Sau bakwai ta sa shi ya faɗa, har da ƙarfi, har Bilki mai ƙosai ta bayan katanga ta haddace. A na bakwai muryarsa ta karye a kan "ɗana", ya juya baya yana neman maɓallin da bai ɓace ba. Sai zuciyar Leah ta ɗan kwanta. Ta ce a ranta, mutumin da muryarsa ta karye haka ba zai manta ba.

Ƙarfe goma aka ce. A filin makarantar firamaren da 'yan gudun hijira ke kwana aka kafa rumfuna, manya a inuwa, masu rashi a rana, da igiya a tsakani. Aka jera mazan jiya su tara a gaba, kowa da lambobinsa, tsofaffin da suka ga Laberiya da Saliyo, yau ga su ba sa iya zuwa gonakin ubanninsu. Zuru ai gidan soja ce, da wuya ka shiga gida uku ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. 'Ya'yan suna can suna tsaron garuruwan wasu.

Azahar ta yi, Musulmi suka tafi masallaci suka dawo. Wata tsohuwa daga Manga ta faɗi, aka yayyafa mata ruwa, aka mayar da ita layi. Sai wajen ƙarfe uku jiniya ta tashi.

Leah ba ta kalli baƙon ba, motocin ta ƙirga. Goma sha huɗu masu buɗaɗɗen baya, kowace da samari riƙe da bindigogi, biyu har da babbar bindiga a kafe a sama. Goma sha huɗu, don mutum ɗaya mai rai. Ta ce a ranta, ko biyu suka tafi, sha biyu sun ishe shi jin jawabin kansa.

Jawabin ya yi tsawo. Ya ce gwamnati ba za ta runtsa ba. Ya ce kwanakin 'yan ta'adda ƙidayayyu ne, bai dai faɗi ko nawa ba ne. Ya ce tsaro aikin kowa ne, duk wanda ya ga wani abu ya faɗa. Aka yi tafi. Aka nuna buhunan shinkafa da aka jibge gefe, kowane da fuskarsa yana murmushi. Sannan ya sauko, babbar riga tana jan ƙasa, masu hoto suna ja da baya a gabansa, ya bi layin mazan jiya yana miƙa hannu.

Leah ta matso har igiya ta shiga cikinta. Tsakaninta da bayan mijinta bai fi taku biyar ba. Tana ganin leɓensa daga gefe yana motsi, yana bitar karatunsa.

Baƙon ya tsaya gabansa. Ya dubi lambobin, ya gyara tsayuwa, ya sa hannu biyu a baya kamar yadda ya ga hafsoshi suna yi.

"Tsohon soja. Shekara nawa?"

"Talatin da biyar, sa."

"Madalla. Irinku ne ƙasa ke alfahari da su. To, Saje, akwai wani koke?"

Leah ta ji ƙarar kafin ta ji maganar. Dugadugan takalma biyu suka haɗu, ƙwas. Ta san ƙarar nan kamar yadda ta san tarinsa. Gwiwar da ba ta miƙewa ta miƙe, ƙirji ya fito, hannu ya tashi zuwa goshi.

"Babu komplen, sa!"

Filin ya ɗauki tafi. Baƙon ya dafa kafaɗarsa, ya juya ga masu hoto ya ce, "Kun ji ko? Daga bakin wanda abin ya shafa." Ya wuce ga na gaba.

Hannun Haggai yana nan a goshi. Leah ta ga lokacin da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, don wuyansa ne ya fara saki, sannan hannun ya sauko a hankali kamar ba nasa ba. Ya ɗaga ƙafa zai bi baƙon, wani mai baƙin tabarau ya sa masa tafin hannu a ƙirji, cikin ladabi.

Ita ta ɗaga igiya ta kutsa. "Ɗana yana daji," take cewa, "mota biyu, ranka ya daɗe, mota biyu." Amma Maimuna ta riga ta ɗaga wa matanta hannu, guɗa ta tashi, makaɗa suka saki ganguna. Wata 'yar sanda ta riƙe ta a kafaɗa tana cewa, "Mama, kowa zai samu, buhu ɗaya ɗaya ne, kada ki ture mutane."

Kafin ƙarfe huɗu motocin sun juya. An ce dole su fita da wuri, don hanya ba ta da kyau in rana ta yi sanyi.

Suka koma gida. Wani ɗan kabu-kabu ya kawo buhunsu ya jingine a tsakar ɗaki. Haggai ya zauna a bakin gado da kakinsa, bai cire ko takalmi ba, haka gari ya waye masa.

Da safe rediyon Bilki ne ya fara, ta bayan katanga. Mai labarai ya ce zaman lafiya ya fara dawowa ƙasar Zuru, kamar yadda wani tsohon soja da ya rasa ɗansa ya tabbatar wa tawagar Abuja. Sai ga muryar Haggai, tas, kamar ta saurayi. Bilki ta yi saurin kashewa, amma an riga an ji.

Leah ta tashi. Ta ɗauki wuƙa ta farke bakin buhun, ta kama gindinsa ta zazzage. Shinkafa ta watsu har ƙarƙashin gado, har kan takalman Saje. Ta kakkaɓe buhun, ta dube shi tsawo da faɗi, ta ninke shi da fuskar a ciki.

"Me za ki yi da shi?"

"Kwana biyar a rana, ga ungulu, ga karnukan daji. Abin da ya rage zai shiga nan."

"Leah."

Ta buɗe akwati ta ɗauko farin zanen da ta ajiye don tata ranar, ta haɗa da buhun, ta ɗaure a baya kamar goyo.

"Na faɗa a raina," in ji shi. "Har ya iso ina faɗa. Da ya sa hannu a baya, ya yi tambayar... ban san lokacin ba."

"Na sani. Ina wurin."

"Zan koma ofis yau. Zan rubuta takarda."

"Ka rubuta. Su kuma su kunna maka muryarka." Ta ɗaura kallabi. "Shekara bakwai ka yi golmo, kana noma gonar babana kafin a ba ka ni. Ko sau ɗaya ba ka ce ka gaji ba. Babana ya ce, ga namiji. Ashe ba jarumta ba ce, baki ne ba ka da shi."

Ya dubi shinkafar da ke kan takalminsa.

"Babu mai babur da zai kai ki bayan dutse."

"Ya sauke ni inda tsoronsa ya tsaya. Muhammad Sani ya kwatanta mini ɗorawar."

"Za su kashe ki."

"To, sai mu zama biyu a gindinta. Ka ga ko ya samu mai kore masa tsuntsaye."

Ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi, ya koma ya zauna. Ya buɗe baki, kuma Leah ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Ta ba shi lokaci. Tsakani da Allah ta ba shi lokaci, ko zai ce ta jira ya ɗauko sandarsa.

"An hana bin hanyar nan," ya ce a hankali. "Ba a ba da izini ba."

"Zauna ka jira umarni, Saje."

Ta fita, ta maka ƙofar langa-langar da ƙarfin da ya sa hotonsa na kaki ya zame daga ƙusa, ya faɗa cikin shinkafa.