Yatsun Magini

Saura kwana tara takardar zaman wani magini a ƙasar waje ta ƙare, in ta ƙare kuwa sai tattara kaya, sai ga na'urar ofishin baƙi ta ƙi karɓar zanen yatsunsa. Shekara ashirin yana dama siminti, yatsun sun shafe sumul kamar bayan cokali.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, aro hannun ka yi? Je ka huta mako guda, kana shafa mai."

Ya zauna gida, hannuwa bisa cinya, matarsa na tsokanarsa: "Maigida, ko in ba ka a baki?"

Ran na takwas na'urar ta karɓi ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, malalacin cikinsu, wanda siminti bai cinye ba. Albarkacinsa aka ƙara masa shekara biyu.