Kiɗa na Bakwai

Kunne ɗaya ne ya rage wa mijin ƙanwata, kuma ni na ƙarasa shi. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya kai rabin labari ya fara tausaya mini.

Mu huɗu ne muke haɗuwa duk Lahadi da rana a ɗakin da ke bayan shagon Mai Gyara, mai gyaran rediyo da talabijin. Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa a saman ƙofa. Benci biyu ne a ciki, da tebur cike da gawarwakin rediyo, da manyan sifiku biyu na katako waɗanda Mai Gyara yake gogewa da hannun rigarsa. Akwai shi mai ɗakin, akwai ni mai walda, akwai Direba mai jan motar dakon kaya, wanda bakinsa ba shi da birki, sai Kafinta, mijin ƙanwata. Injin tsaga katako ne ya kashe wa Kafinta kunnen hagu shekara tara da suka wuce. Na daman da ya rage kuwa, ko mu ukun muka haɗa namu shida ba za mu kamo shi ba. Yakan ji igiyar jita ta saki kafin mai kaɗa ta ya ji. Saboda shi Mai Gyara ya haɗa wayoyi yadda duk abin da zai fita a sifikar hagu zai fito a ta dama. Kuma duk wanda ya yi wa Kafinta magana, sai ya karkata kai ya juyo masa da kunnen nan, ya zame masa jiki.

Kowa yakan zo da albam ɗin da ya kwana ya tashi da shi a wannan makon, kuma muna da dokoki uku. Ana kawo faifai a naɗe cikin tsohuwar jarida, an liƙe sunan da takarda, don kada suna ya sayi kunnen kowa. In an sa shi, ba magana, ba taɓa na'ura, sai ya kai ƙarshe. In ya ƙare, kowa ya rubuta hukuncinsa a 'yar takarda ya jefa a gwangwanin madara kafin a buɗe baki. Wannan ta ukun saboda Kafinta muka kafa ta, don da zarar ya faɗi ra'ayinsa sai kowa ya ce ai shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Mai Gyara ne yake karanta takardun, ta Kafinta a ƙarshe.

Ni mutum ne mai zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Ina da shekara ashirin da biyu wani ya karya mini hanci da sifana a gareji, ni kuma na karya masa hannu. Tun daga ranar, in numfashina ya yi nauyi, hancin yakan yi wani siririn fito. Ƙanwata takan ce hannuna yana riga hankalina tashi daga barci. Ranar da ta ji na shiga zaman Lahadi da mijinta, abu ɗaya ta roƙe ni, in bar halina a gida.

Abin da ba wanda ya sani, har matata, shi ne shekara shida ke nan ina koyon jita. A sito na ɓoye ta, bayan tulin rodi, ina ɗauko ta lokacin da ma'aikata suka tafi cin abinci. Yatsun mai walda ba a yi su don igiya ba, amma na nace. Asabar uku na yi ina zuwa wani ƙaramin situdiyo a can ƙarshen gari, na naɗi kiɗa tara, jita zalla, ba murya. Ba suna nake nema ba. So nake in ji abin da Kafinta zai ce ba tare da ya san nawa ne ba, don in ya sani kunyar yayan matarsa za ta ɗaure masa baki. Dokar jarida ta ba ni hanya, na naɗe faifaina na tafi da shi.

Direba ne ya fara ranar. Ya kawo wani albam na rawa mai ganguna masu dukan ƙirji, ya ce shi ya raka shi tafiyar kwana huɗu. Kafinta ya rubuta cewa mai babbar ganga ya gaji tun waƙa ta huɗu, sauran a kan haƙuri ya yi su. Mai Gyara ya sa nasa, muryar wata tsohuwa da fiyano, faifan da ya tsinta a cikin na'urar da mai ita ya kawo gyara bai dawo ba. Wannan ya kashe mana jiki duka, har da Direba. Kafinta ya ce shi bai gama da nasa ba tukuna, a bar shi sai mako mai zuwa. Sai aka zo kaina.

Tun kiɗa na farko na ji shi. A situdiyo ban lura ba, a wayata ma ban taɓa ji ba, amma sifikun Mai Gyara ba sa rufa wa kowa asiri. Duk inda na zo wuri mai wuya a kan igiya, ga fiton hancina nan a baya, siriri, yana shiga yana fita. Gumi ya karyo mini. A kiɗa na uku na ga kafaɗun Direba suna rawa, ya toshe baki da hula. A na biyar ya fara kwaikwayon fiton da nasa hancin, a hankali, daidai inda yake fitowa. Bai yi magana ba, saboda haka bai karya doka ba. Na danne hannayena a ƙarƙashin cinyoyina. Kafinta yana zaune idonsa a rufe, kunnensa yana fuskantar sifika, fuskarsa ba ta nuna komai ba har faifan ya ƙare.

Muka rubuta, muka jefa a gwangwani. Mai Gyara ya fara da tasa, ya ce hannun mai kiɗan yana da nauyi amma ba ya ƙarya. Ya karanta tawa, wadda ban ma san me na rubuta a cikinta ba. Sannan ya buɗe ta Direba, ya yi murmushi, ya karanta. Direba ya rubuta cewa mai kiɗan nan a ba shi guduma ya fi masa, akuyar da take numfashi a bayansa kuma a kai ta asibiti, mura ta kama ta.

Da a nan ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. Amma baki shi kan yanka wuya. Direba ya miƙe yana dariya har da hawaye, ya danna na'ura ya zaro faifan, ya ce bari a samar masa aikin da ya dace da shi. Ya ajiye shi a kan benci, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Ban san lokacin da na tashi ba. Naushin farko a baki na same shi, na ji haƙorinsa ya tsaga mini fatar yatsa har ƙashi. Kofin ya tarwatse a ƙasa. Direba ya dube ni da mamaki, jini yana bin haɓarsa, don har lokacin bai san laifinsa ba. Na ƙara masa na biyu a ido. Mutum irin Direba, da yake ɗaga buhu shi kaɗai, ba a yi masa naushi uku. Ya caɓe wuyan rigata ya gwara mini goshinsa a hanci, na ji ƙarar da na sani tun ina ɗan shekara ashirin da biyu, jini mai ɗumi ya cika mini baki. Muka tafi da tebur gaba ɗaya. Rediyoyi suka zube, kusoshi suka watse, wani gilashin talabijin ya fashe a ƙarƙashin gwiwata.

Direba ya haye kaina ya shaƙe ni da hannu biyu. Bayana ya sauka a kan ƙarfen da Mai Gyara yake liƙa waya da shi, wanda ya manta bai cire daga wuta ba. Na ji warin rigata tana ƙonewa kafin in ji zafin. Na lalubo wata rediyo na maka masa a gefen kai, robar ta dare gida biyu, bai sake ni ba. Na sa babban yatsa a idonsa da ya kumbura na danna. Ya yi ƙara ya mirgina, ya tashi da rarrafe, ya sa ƙafa ya shure ni a haƙarƙari sau biyu. Mai Gyara ya rungume sifika ɗaya yana roƙonmu da girman Allah mu fita waje. Can ina jin muryar Kafinta yana kiran "Yaya, Yaya," amma kamar daga wani gida take fitowa.

Da na miƙe, sai na ga faifan a ƙasa, dugadugin Direba ya raba shi uku. A nan idona ya rufe. Benci ɗaya ya karye a kokawar, na fizgo ƙafarsa, katako mai kauri wanda Kafinta da kansa ya fere. Na ɗaga shi da hannu biyu ina ihu, bakina cike da jini, maganar tana fita a dagule.

"Nawa ne. Ni na kaɗa shi, ɗan iska, ni na kaɗa."

Kafinta ya shiga tsakaninmu hannayensa a buɗe. Ya ga bakina yana motsi, bai fahimci abin da nake cewa ba, sai ya yi abin da yake yi kullum in yana son ya ji mutum. Ya karkata kai ya juyo mini da kunnensa na dama. Katakon ya riga ya taho.

Bai faɗi nan take ba. Ya ja baya taku biyu, ya zauna a ƙasa a cikin fasassun gilashi, ya kai hannu gefen kansa. Jini ya biyo tsakanin yatsunsa ya shiga wuyan riga. Mu uku muka rufu a kansa, kowa yana magana, Mai Gyara yana salati, Direba yana kiran sunansa, ni ina tambayarsa ko yana ganina. Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya sa kuka yi shiru?" in ji shi.

A motar Direba muka kai shi asibiti, Direba yana tuƙi da ido ɗaya, ni ina riƙe da kan Kafinta a cinyata. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, ƙashin da ke bayansa ya tsage, kuma abin ya taɓa can ciki inda ba a ɗinki. Ya ce kada mu sa rai. Ƙanwata ta iso da takalmi wari biyu daban. Mai Gyara ne ya ba ta labari, bai rage komai ba. Ta zo ta same ni a tsaye a baranda, ta cire takalmi ɗaya ta yi ta dukana da shi a fuska, a kan karyayyen hancin, har ma'aikatan asibiti suka riƙe ta. Ban kare fuskata ba. Da ta gaji ta tsaya tana haki.

"Shekara tara ina kwana a damansa don ya ji ni," ta ce. "Yaya, yanzu ta ina zan kwanta?"

Washegari na shiga sito na ɗauko jitar, na ɗora ta a kan maƙera, na bi ta da guduma har ba abin da ya rage sai igiyoyi a murɗe. Ma'aikatana suna kallo, ba wanda ya yi gigin tambaya. Na tsani hannuna, na tsani hancina, kuma ban ji sanyi ko kaɗan ba.

Ranar Alhamis Mai Gyara ya zo wurin aikina da gwangwanin madarar, ya lotse ta gefe ɗaya. Ya ce yana share ɗaki ya same shi a ƙarƙashin tebur, da takarda ɗaya a ciki wadda ba a kai ga karantawa ba. Ya ce doka ta ce shi ne mai karantawa, amma wannan ba zai iya ba. Ya ajiye a kan injin walda ya tafi. Rubutun Kafinta ne, da fensirin da yake saƙalewa a bayan kunne.

"Yaya ne, na ji hancinsa tun kiɗa na farko. Na uku da na biyar ya yi gaggawa. Na bakwai kuwa, duk shekarar nan ba a sa abin da ya kai shi a ɗakin nan ba. A sake sa mini shi kafin mu tashi, ban ƙoshi ba."

Kiɗan yana nan a wayata, ban goge ba. Sai da aka sallami Kafinta daga asibiti da mako guda na iya zuwa gidansa. Ƙanwata ta buɗe ƙofa, ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma hana ni shiga ba. Yana zaune a tsakar gida ya ba ni baya, kansa a naɗe da bandeji, yana goge wani guntun katako da samfefa. Na yi sallama sau uku, bai juyo ba. Na zagaya na durƙusa a gabansa, wayar a hannuna, takardarsa a ɗaya hannun. Ya dubi takardar, ya dubi hancina da aka ɗaure. Na buɗe baki ina ba shi haƙuri, ina kuka, ina faɗin abin da na san ba ya isa gare shi. Ya ajiye katakon, ya karkata kai, ya juyo mini da kunnensa na dama.